Rigar da Na Rage Sau Uku

New Bell, Douala
Talata, bayan la'asar

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Ngaoundéré lafiya, ƙafarki ba ta kumbura da zaman jirgi ba, kayanki ba wanda ya ɓata. Allah Ya tsare ki tun daga motar da za ta fitar da ke daga Douala ta unguwar PK 14 har jirgin ƙasan da zai ɗauke ki daga Yaoundé, Ya kai ki hannun Gwaggo Asabe cikin aminci.

Na cusa ta cikin dardumarki ne don na san ita za ki fara warewa. Ki yi sallarki tukuna, sannan ki zauna ki karanta har ƙarshe. Kada ki yi mini irin karatun da kike wa saƙon waya, ki leƙa farko ki leƙa ƙarshe ki ce kin gane.

Ba labarin unguwa zan ba ki ba, jiya kika baro ta. Magana ce da ya kamata in faɗa miki da baki, amma kin san bakina. Ina farawa da niyyar lallashi, kafin in kai tsakiya ya koma faɗa. A takarda kuwa in na ga na fara zafi sai in ajiye biro in sha ruwa.

Mako uku da suka wuce, ranar da takardar aikinki ta fito aka ce an tura ki koyarwa, kin same ni a shago ina kan keken ɗinki. Kin daɗe a tsaye kina wasa da bakin hijabinki kafin kika ce, "Mama, ina so in koma wajen likitar nan ta Deïdo kafin in tafi."

Na ce, "Wace likita? Cikinki ke ciwo?"

Kika ce, "A'a, ta magana. Psychologue ɗin."

Na ce, "Ba kina cin abinci ba? Jiya da idona na ga kin cinye tuwonki."

Kika ce, "Ina ci, Mama. Amma har yanzu in na zo wucewa ta gaban madubin shagon nan sai in kawar da kai. In na ƙoshi sai in ji kamar na yi wani laifi."

Ni kuwa ko ƙafata ban ɗaga daga keke ba. Na ce ki haye gada ki je Bonabéri ki ga matan da suka gudo daga rikicin yankin masu jin Ingilishi, su goma a ɗaki ɗaya, an ƙone musu gidaje, su ne ke buƙatar mai saurare. Na ce ke da Allah Ya rufa wa asiri, madubi ne damuwarki? Na ce so kike a ce 'yar Malam Sani tana zarya wurin likitan mahaukata, sannan mu ga wanda zai kawo kayan aurenki.

Kika ce, "To, Mama." Kika fita.

Ban yi daidai ba. Na rubuta shi a fili don kada ki yi ta neman inda na ɓoye shi: ban yi daidai ba, kuma abin da kika roƙa shi ne daidai. Sauran takardar nan bayani ne na yadda na gane haka, da abin da nake so ki yi.

Ranar Asabar da kika tafi sallamar ƙawayenki, na buɗe akwatinki don in gyara miki shirin, domin har yau ba ki iya ninke zani ba. A can ƙasa, cikin baƙar leda, ƙarƙashin littattafai, na ga koriyar atamfar nan, ankon bikin Safiya 'yar maƙwabtanmu. Shekara shida ke nan da bikin. Ko hannunki ɗaya ba zai shiga rigar nan ba yanzu, alhamdu lillahi. Na tsaya ina tambayar kaina me zai sa mace ta ɗauki rigar da ba ta shigarta ta kai ta har arewa.

Sai na juya ta, kamar yadda kowane tela yake yi in ya riƙe riga. A ciki na ga layi huɗu na ɗinki, ɗaya bayan ɗaya. Na farko shi ne wanda na yi da awonki na gaskiya. Sauran ukun ragi ne. Duka hannuna ne, Ummi, na san zarena.

Wata biyu kafin bikin na ɗinka ta. Bayan mako biyu kika kawo kika ce ta yi miki yawa, na rage. Kika sake kawowa, na sake ragewa. Na ukun saura kwana uku biki, shago cike da mata. Hajiya Ladi mai sayar da turare ta ce, "Kai, Maman Bashir, wannan 'yar taki ta zama kamar ta talabijin! Me kike ba ta?" Na yi dariya na ce, "Ita ta san sirrinta, ni dai aikina ragi." Na ji daɗi a ranar. Ina riƙe da shaidar ciwonki a hannu, ina aunawa da tef, ina ganin yadda kike ƙarewa, amma abin da na gani shi ne riga za ta zauna da kyau. Shekara talatin ina ɗinki, na san jikin lafiyayye ba ya zubewa haka cikin wata biyu. Da 'yar wata ce da na ja uwar gefe na tambaye ta.

Shi ya sa nake ce miki, in mutane suka taru suna yaba wani abu a jikinki, kada ki ɗauki yabonsu a matsayin shaidar lafiya. Matan da suka tafa miki a bikin nan ba ɗayarsu da ta kwana da ke a asibiti. Ba mugaye ba ne, baki ne kawai, yau ya ce kin rame gobe ya ce kin cika, ya wuce gida ya manta.

Kuma abin bai fara daga rigar nan ba. Kin san al'adata a shago: ina aunawa ina faɗa da ƙarfi, don in riƙe a kai kafin in rubuta. Haka wadda ta koya mini take yi, haka na taso. Kina shekara goma sha uku, ana shirin ƙaramar salla, na ɗora miki tef a ƙugu a gaban mata shida, na faɗi lambar, sannan na ƙara da cewa, "Wannan yarinya, babanta sai ya riƙa ɗauko mini yadi daga port, daga bakin jirgin ruwa, da bandir!" Aka kwashe da dariya. Ke ma kika yi dariya. Na ɗauka wasa ne ya wuce. Daga wannan sallar ba ki ƙara yarda na auna ki da mutane a shago ba, kullum sai ki ce kina da aikin makaranta, sai an watse. Na lura, amma na sa shi a kunyar 'yan mata.

Yanzu ke ce za ki tsaya gaban aji. Za a ba ki 'yan mata masu shekarun nan, wasu sun girmi jikinsu wasu jikinsu ya girme su. Ki yi musu faɗa a kan makara, a kan rashin kunya, a kan aikin da ba su yi ba, ban hana ki ba, yaro sai da tsawa. Amma kada bakinki ya taɓa jikin 'yar kowa, ko da wasa, ko da yabo. In kuma kin ga wadda kullum lokacin hutu tana da dalilin da zai hana ta ci, ki kira ta gefe. Ke kin san alamun fiye da kowa a makarantar.

Na zo kan wanda ya fi yi mini nauyi, don wannan tsakanina da Ubangijina ne.

A shekarar nan ta ajinki na ƙarshe na sakandare a lise kika fara azumin Litinin da Alhamis. Na yi murna. Kika ƙara da kwana uku na tsakiyar wata. Daga nan ya koma yau azumi gobe hutu, daga baya ma na daina sanin ranar hutun. Ni da ya kamata in tsaya in duba, sai na ɗauke ki na kai Islamiyya a baki. Ina ce wa mata, "'Ya'yanku suna kan waya, tawa tana azumi." In an kira magariba in ce ki zo ga kunu, ki ce kin sha ruwa a ɗaki, za ki ci in kin idar da nafila. In ce Allah Ya yi miki albarka, in rufe kwanon.

Babanki ne ya gani. Mutumin da ke fita port tun asuba ya dawo a gajiye, shi ya ce mini wata rana, "Maman Bashir, yarinyar nan ba ibada ce kaɗai ba. Dubi wuyan hannunta."

Na ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Yarinya ta kama hanya, kai ne za ka tare ta?"

Ya bar maganar, don ya san ba a kayar da ni a maganar addini. Da ma an kayar da ni ranar. Kwana tara bayan bikin Safiya aka bugo daga makaranta aka ce kin faɗi a tsakar aji.

Ko a nan ban saduda ba. Na ce bakin mutane ne, ido ne ya kama ki a wurin biki. Na yi ta karɓo rubutu da tofi, har sai da likitan asibiti ya zaunar da mu ni da babanki ya ce wannan ciwo ne sananne, yana da suna, yana kama 'ya'yan masu salla da marasa salla, kuma yana kisa. Ban ce addu'a ba ta yi aiki ba, ita ta riƙe mu. Abin da nake cewa shi ne na laɓe a bayanta don kada in tambayi kaina inda na yi sakaci.

Saboda haka ki ji umarnina a kan azumi. Na nafila ki ajiye shi, har sai likitarki ta ce babu laifi. In Ramadan ya matso, ki tambaye ta tun da wuri, ki kuma sami malami mai hankali ki faɗa masa gaskiyar ciwon da kika yi, ba rabinta ba. Addininmu ya san mara lafiya, ya yi masa sauƙi. Hanyoyin lada ba su ƙare ba: ki yi sadaka, ki yi karatu, ki kyautata wa gwaggonki. Ranar da kika ji zuciyarki tana marmarin azumi, ki tsaya ki tambaye ta tsakani da Allah, lada take nema ko yunwar. Ke kaɗai za ki iya sanin amsar. Ni an ruɗe ni sau ɗaya, kuma da son raina aka ruɗe ni.

Sauran kin sani. Watannin asibiti, awon nauyi duk mako, kukan da muka sha a kan cokali uku na shinkafa, zuwa Deïdo wurin matar nan kina fitowa da jajayen idanu. Sannu a hankali kumatunki suka dawo, kika ci jarrabawa, kika shiga jami'a. Ranar da na ga kin zauna da yayanki Bashir kun cinye gasasshen kifi da miyondo na rogo kuna faɗa a kan wanda zai ci kan kifin, na shiga ɗaki na yi sujada. Na ce an gama. Ni ce na ce miki zuwa Deïdo ya isa haka, tun da ga ki kin warke. Kwano nake dubawa, in ya dawo wayam sai in ce lafiya. Ban taɓa tambayarki yadda kike ji bayan kin ajiye cokalin ba. Shekara biyar kina ci don hankalina ya kwanta, kina yawo cikin hijabin da zai rufe mutum biyu ko a tsakar gida, ni kuma ina cewa kamun kai ne.

To, da na ga rigar nan ranar Asabar, almakashina yana hannuna. Saura kaɗan in yayyanka ta in yi tsumman goge keke. Sai na fasa, na mayar da ita cikin ledarta. Ranar Litinin na ce muku zan je marshe, kasuwar nan tamu, sayen zare. Ba marshe na je ba. Na hau moto, babur ɗin haya, cikin ruwan nan da ya cika mana lambatu, na tafi Deïdo.

Kada ki ɗauka da tawali'u na je. Na je ne in tambaye ta wane irin aiki ta yi da har bayan shekara biyar 'yata take ɓoye rigar ciwo a akwati. Na zauna a benci ina ɗigar ruwa. Kusa da ni wani ƙato ne mai kafaɗun 'yan dakon port, yana ta murza hularsa. Can gefe wata mata da Ingilishi a bakinta, da wata dattijuwa mai carbi wadda na tabbata na taɓa gani a masallacin Juma'a. Ba wanda yake ihu, ba wanda aka ɗaure. Na ji kunyar kalmar da na faɗa miki a shago.

Da na shiga ta gane ni. Ta ce, "Madame, bonjour, ki zauna. Kin jiƙe."

Na ce, "Ba zama ya kawo ni ba. Me Ummi take gaya miki a kaina?"

Ta ce, "Abin da aka faɗa a ɗakin nan a nan yake zama. Ko ke kika faɗa, ba zan kai mata ba."

Na ce, "Ni na haife ta fa!"

Ta ce, "Na sani. Wa zai hau moto cikin ruwan nan in ba uwa ba?"

Sai na zauna. Na ba ta labarin rigar. Ta ce ba za ta yi magana a kanki ba, amma za ta faɗa mini abin da ta sani game da ciwon. Ta ce sau da yawa jiki yakan warke ya bar tunani a baya. Mutum yana ci, nauyinsa daidai, amma idon da yake kallon kansa da shi na lokacin ciwo ne, kuma wannan ma ana aiki a kansa, ana samun sauƙi. Ta ce lokacin da aka fi jin tsoro shi ne lokacin canjin wuri: sabon gari, sabon aiki, ba wanda ya san ka balle ya lura ka ci ko ba ka ci ba. Ta ce wanda ya zo da ƙafarsa ya ce yana son taimako kafin abin ya dawo, ba koma baya ya yi ba, hankali ya yi.

Na ce, "Ga mutanen da suka gudo daga harbi suna jiran layi. Ba za mu tare musu wuri ba?"

Ta ce, "Madame, matar da kika gani a waje ba za ta sami sauƙi don 'yar wani ta zauna a gida tana wahala ba."

Sannan ta tambaye ni abin da ba wanda ya taɓa tambayata. Ta ce, "Ke fa? Da kina budurwa me ake cewa a kan jikinki?"

Na buɗe baki in ce mata ba ni ce mara lafiyar ba. Abin da ya fito daban ne, kuma tun da na faɗa wa baƙuwa, ke kin fi cancanta ki ji.

Ni siririya ce tun asali, kamar sanda. Lokacin da aka sa ranar aurena da babanki, shekarun nan ne na wahala da aka yi ta rufe gari, albashi ya karye, kowa ya rame. Kuma lokacin ne in mace ta cika rama sai a fara raɗa, a ce ko ciwon zamani ne. Maganar ta kai kunnen Inna mahaifiyata, wadda kika ci sunanta, cewa wasu a dangin ango suna tambaya. Inna ba ta yi shawara da kowa ba, ta je kasuwa ta sayo maganin ƙiba, na ruwa da ƙwayoyi, wurin masu baza magani a tebur. Wata biyu ina sha, ana ɗura mini kunun gyaɗa da man shanu ina kuka. Fuskata ta kumbura kamar an hura, ƙafafuna suna nan yadda suke. Ranar biki mata suna guɗa suna cewa amarya ta yi kyau, ni kuwa da na ga hoton ban gane kaina ba. Hoton auren da kuke tambaya tun kuna yara, nake ce muku ambaliya ta cinye, yana nan ƙasan akwatina a kife. Ban yar ba, ban kuma iya kallonsa.

Ban taɓa riƙe Inna a zuciya ba, Allah Ya ji ƙanta, tsoro ne ya sa ta. Amma daga ranar na koyi cewa jikin mace abin gyara ne, kamar riga: a rage nan, a ƙara can, har mutane su yi shiru. Da wannan idon na raine ki. Na je Deïdo in yi faɗa, na ƙare ina fyace hanci da bakin mayafina, har na kusa makara azahar. Kada ki kuskura ki gaya wa babanki.

Kafin in fito na ce ta rubuta mini sunan wani a Ngaoundéré in kai ki da kaina in ya kama. Ta ce akwai abokiyar aikinta a can, kuma ita ma tana ganin mutane ta waya in nisa ya yi yawa, amma ba za ta shirya komai da ni ba. Ta ce, "Ummi babba ce. Ita za ta kira da bakinta. In ke kika kawo ta, don ke za ta zo." Raina ya ɓaci, amma gaskiyarta ce. Na saba in yanka in ɗinka in miƙa miki ki sa. Wannan ba zan iya yi miki ba. Abin da ke hannuna shi ne in janye daga ƙofar da na tare, kuma na janye.

Rigar tana inda kika sa ta. Ban cire ba, don ba ni na ajiye ba. In kin fara zuwa, ki ɗauke ta ki kai, ki juya cikinta ki nuna layukan, ki ce uwarki ce ta yi su. Abin da kuka ga ya dace a yi da ita, ku yi. Roƙona ɗaya: kada ki gwada ta ke kaɗai a ɗaki.

A saman akwatin za ki ga kaya biyar sababbi na zuwa aiki. Kin yi mamaki ban kira ki awo ba. Da ido na yanka su, kuma za ki ga sun zauna. In kin tashi ba da ɗinki a can, ki kai ɗaya daga cikinsu a matsayin awo, ki ce a bi shi. Ba dole ne kowane tela ya ɗora miki tef ba. Ni ma na daina faɗar lamba da ƙarfi, ina rubutawa shiru. Hajiya Ladi ta ce, "Yau rediyon shago ya lalace ne?" Na ce eh, kuma ba za a gyara ba.

Gwaggonki Asabe mutuniyar kirki ce, amma bakinta ya fi nawa sauri, kuma a wurinta ƙauna ita ce ta cika miki kwano har ya zube. Na buga mata waya. Na ce, "Yaya, in Ummi ta iso kada ki ce ta rame, kada ki ce ta yi ƙiba."

Ta ce, "Ikon Allah! To me zan ce mata?"

Na ce, "Ki ce mata sannu da zuwa."

Ta yi dariya har da tari, amma ta yi alkawari. In ta manta, kuma za ta manta, kada ki ɗaure fuska ki shige ɗaki. Ki ce, "Gwaggo, wannan maganar tana yi mini nauyi," cikin ladabi. Ki ci tare da su a tsakar gida, kada ki fara ɗaukar kwano zuwa ɗaki, daga nan muka faro wancan karon. Sau uku a rana, ko kina jin yunwa ko ba kya ji, ko aikin makaranta ya kai miki wuya. Ki karya kafin ki fita, garin da sanyi, ba irin Douala ba ne. Na sa miki rigar sanyi biyu, ki sa su, ba ado na ba ki ba.

Wayar nan kuma. Ban san me kuke gani a cikinta ba, amma na ga yadda fuskarki take komawa in kin daɗe kina kallon hotunan matan da ba ki sani ba. Ki rage. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki dawo gida kafin magariba, kada ki karɓi kyautar uban ɗalibi ko da goro ne.

Maganar aure da na jefe ki da ita, na janye ta. In Allah Ya kawo mai so, kuma magana ta yi nisa, ki faɗa masa da bakinki cewa kin yi ciwo, kin warke, kina kuma ganin likita don ki riƙe lafiyar. In ya tsaya, mu san mun sami mutum. In ya gudu, ya rage mana wahalar bincike. Ba zan ba da ke ga gidan da za ki koma ɓoye kwano ba, ko waye ubansa.

Yanzu ga abin da nake so, kuma ba shawara ba ce. Lambar matar nan ta Deïdo tana wayarki, na san ba ki goge ba. Kafin Juma'ar farko ta same ki a garin nan, ki kira ta. Kada ki ce sai kin huta, sai kin saba da makaranta, sai an yi hutu. Na san irin wannan jiran, ni na koya miki shi. Ba sai kin faɗa mini abin da kuka tattauna ba, ko sunana ya fito sau ɗari, ya fito, na ji zan iya ɗauka. Saƙo ɗaya kawai nake jira: "Mama, na kira." Ranar Asabar zan duba waya, kuma kin san ban iya haƙuri ba.

In kin fara zuwa, garin ƙarami ne, za a gan ki, za a tambaya. Kada ki yi ƙarya, kada kuma ki sunkuyar da kai. Duk wanda ya ce ina za ki, ki ce wurin likita, uwarki ce ta aike ki. Mai sauran magana ya zo New Bell ya same ni a shago.

Ki yafe mini, Ummi. Ban saba faɗar wannan ba, kada ki sa in maimaita.

Allah Ya tsare mini ke a gida da hanya da wurin aiki. Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kau da idon mugu daga kanki. Ya sa albarka a abincinki da barcinki da albashinki. Ya ba ki lafiyar da ake gani da wadda ba a gani, Ya sanyaya miki zuciya a kan halittar da Ya yi miki, don Shi bai yi kuskure ba. Ya dawo mini da ke hutu ina raye. Ki gaida Gwaggo da mutanen gidan duka.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Hajara